Agola, 'Yan Uba da Kishiyar Uwa: Kalmomin Zumunta a Gidan da Aure Ya Harhaɗa

Gabatarwa

Gidan da wannan takarda za ta duba shi ne wanda 'ya'yan cikinsa ba su haɗa uwa da uba gaba ɗayansu ba, ko dai saboda maigida yana da mace fiye da ɗaya, ko saboda mutuwa ko saki sun raba wani aure an ƙulla wani, ko kuwa saboda an ɗauko ɗan wani an ba wata ta riƙe. Masana zamantakewa na Turai da Amurka sun ware wa irin wannan gida suna na musamman, domin a wurinsu ya saɓa wa abin da aka ɗauka shi ne asali, wato miji ɗaya da mata ɗaya da 'ya'yan da suka haifa tare. Bahaushe gida kawai yake ce masa, tun da yake da wuya a zagaya unguwa guda a Kano ko Zariya ko Maraɗi ba a tarar da irinsa birjik ba. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna kimanin mace 3 cikin kowace 10 masu aure tana zaune da kishiya, kuma adadin ya ɗara haka a arewa maso yamma. Ga kuma zawarci, wato zaman da mace take yi tsakanin fita daga wani aure da shiga wani, wanda yawansa ya sa Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta fara aurar da zawarawa a dunƙule a 2012 da ma'aurata 100, har aka kai ga ɗaura aure 1,800 na zawarawa da 'yan mata a watan Oktoba na 2023, alhali da yawa daga cikin zawarawan da 'ya'yansu suke tarewa, ko kuma su tarar da na miji.

Abin da takardar take son tabbatarwa shi ne Hausa tana da rukuni biyu na kalmomi game da mutanen irin wannan gida. Akwai kalmar bayani, wadda ake amfani da ita idan ana faɗa wa wani na uku matsayin mutum, kamar agola ko ɗan uba ko matar uba, akwai kuma kalmar kira, wadda ake fuskantar mutum da ita ido da ido, kamar Baba ko Yaya ko Gwaggo. Rukunin farko yana tsattsage dangantaka dalla-dalla har ya nuna cikin da kowa ya fito, na biyu kuwa yana lulluɓe wannan bambanci da gangan. Ladabin gida ya dogara ne a kan kowa ya san duka biyun, kuma kada ya bari kalmar bayani ta tsallako inda kalmar kira ce ta dace.

Ɗan uwa da ɗan uba

Al'ummar da take jingina ɗa ga ubansa a suna da gado da sarauta, ita ce kuma ta gina mafi faɗin kalmominta na zumunta a kan uwa. Ɗan uwa a asali shi ne wanda aka haɗa uwa da shi, amma kalmar ta yaɗu ta game ɗan baffa da ɗan kawu da mutumin gari ɗaya da abokin addini, har aka sami 'yan uwantaka a matsayin sunan kowace irin ƙauna da taimakekeniya, ana kuma cewa ɗan uwa rabin jiki. Ɗan uba, wanda aka haɗa uba da shi amma uwa kowa da tasa, bai sami wannan faɗi ba, kuma sunan da aka tsiro da shi daga gare shi, wato 'yan ubanci, ya zama sunan gaba da hassada da zagon ƙasa, har ana iya cewa 'yan kasuwa biyu ko 'yan siyasa biyu suna 'yan ubanci ko da ba su haɗa kaka ba.

Tushen wannan yana cikin tsarin gidan kansa. Kowace mata tana da ɗakinta da ranar girkinta, kuma ɗaki a nan ya wuce gini, domin yana nufin matar da 'ya'yanta da kayanta da abin da take tarawa daga sana'arta, shi ya sa ake cewa su wane 'yan ɗaki ɗaya ne, ko wane ɗan ɗakin Hajiya ne. Abin da ke cikin ɗaki, tun daga tasoshi da gado har zuwa awaki da 'yan kunne, 'ya'yan sauran ɗakuna ba su da rabo a ciki idan uwa ta rasu. Abin da ke hannun uba kuwa, gona ce ko gida ko rawani ko ma kulawarsa ta yau da kullum, dole sai an raba shi tsakanin ɗakuna, kuma duk abin da wani ɗaki ya samu ragi ne ga wani. Ke nan 'yan uba suna tashi ne a matsayin masu jiran rabo daga tukunya guda, kuma sau da yawa kishin iyayensu mata yana riga su isa wurin. Hatta labarin asalin Hausa Bakwai a kan wannan aka gina shi, domin an ce Bayajida ya haifi Biram da 'yar sarkin Barno, ya haifi Karɓagari da Bagwariya, sannan ya haifi Bawo da Daurama, kuma daga waɗannan 'yan uba aka fitar da rabuwar Hausa Bakwai da Banza Bakwai. Ko ba a ɗauki labarin a matsayin tarihi ba, ya nuna yadda masu ba da shi suke fassara gasar ƙasashe da harshen ɗakuna.

Saboda nauyin da kalmar take ɗauke da shi, mai hankali ba ya gabatar da ɗan ubansa da wannan suna. Zai ce wana ne ko ƙanena ne, yata ce ko ƙanwata ce, kuma waɗannan kalmomi huɗu girma da ƙanƙanta da jinsi kawai suke nunawa, ba su tona ko ciki ɗaya ne ko ba ɗaya ba. Idan mai tambaya ya matsa, sai a ƙara da cewa ubanmu ɗaya, wanda yake ambaton abin da ya haɗa, ya yi shiru a kan abin da ya raba. Amma da zarar an ji mutum ya ce wane ɗan ubana ne, mai sauraro zai fahimci akwai wata a ƙasa. A ɗaya ɓangaren kuma, wanda yake son jaddada kusanci yana da maganganu da dama a hannu, irin su uwa ɗaya uba ɗaya, ko cikinmu ɗaya, ko nono ɗaya muka sha, ko shi ke bi mini, kuma yawan waɗannan maganganu shi kansa shaida ne cewa kalmar ɗan uwa ita kaɗai ta daina isa ta bambance.

Matar uba da kishiyar uwa

Ana yawan musanya waɗannan biyu a magana, amma ba daidai suke ba. Kishiyar uwa ita ce wadda ta haɗa miji da mahaifiyar mutum a lokaci guda, matar uba kuwa ta game har da wadda aka auro bayan mahaifiyar ta rasu ko ta fita, wadda watakila ba su taɓa ganin juna ba. Bambancin da ya fi wannan muhimmanci shi ne inda mai magana ya tsaya. Wanda ya ce matar babana ya kalli matar ta ƙofar ubansa, ya ba ta matsayin da aure ya ba ta, wanda ya ce kishiyar babata kuwa ya tsaya ne a ɗakin uwarsa, ya ɗauko kishi, wanda shi ne tushen kalmar kishiya, ya sa shi tsakaninsa da ita. Adabin baka ya ƙara wa kalmar duhu, domin karin magana irin su ba kukana ba, uwar kishiya ta mutu, da tatsuniyoyin 'yar mowa da 'yar bora, wato 'yar matar da miji yake so da 'yar wadda ya juya wa baya, duk sun zaunar da ita a matsayin mai mugun nufi. Wannan ne ya sa mata da yawa suke kauce wa kalmar su ce abokiyar zama, ko amarya ta kira uwargida Yaya.

A wajen kira, babu ɗan da yake fuskantar matar ubansa da ɗayan waɗannan sunaye biyu. Abin da aka saba shi ne kowace mace a gida tana da sunan girmamawa guda da dukkan yara suke kiranta da shi, nata da na kishiyoyinta, kamar Inna ko Iya ko Gwaggo ko Umma ko Hajiya, a birane kuma amaryar da ba ta girmi manyan 'ya'yan gida da yawa ba takan zama Anti. Baƙon da ya zauna a tsakar gida yana sauraro ba zai iya gane wace ce ta haifi wane daga kiran kawai ba, balle ma al'adar alkunya ta ƙara rikita masa lissafi, tun da uwa ba ta ambaton sunan ɗanta na fari, ba ta kuma nuna masa so a bainar jama'a, sai a tarar kishiyarta ce take jansa a jiki, ita ke yi masa wanka, ita ke shigar masa faɗa. Haka kuma 'yan uwan kowace mata sukan zama dangin yaran gida duka a baki, yadda wan amarya zai zama Kawu ga 'ya'yan uwargida, duk da cewa kawu a ƙa'ida ɗan uwan mahaifiya ne. Kalmomin kawu da baffa da gwaggo, waɗanda Hausa ta aro daga Fillanci, sun zo ne da iyakoki bayyanannu na wane ne na ɓangaren uwa, wane ne na ɓangaren uba, amma gidan mata da yawa ya sassauta iyakokin. Wata dabarar kuma ita ce takwara: maigida yakan sa wa 'yar amarya sunan uwargida, daga nan yarinyar ta zama tata, yaran ɗakinta kuma su kasa kiran sunan kai tsaye, sai su laƙaba mata Ummi ko Mama.

Agola

A nan ne maganar ta fi nauyi. Agola shi ne ɗan da mace ta zo da shi gidan sabon miji daga wani aure da ya gabata, namiji ne ko mace, jam'insa agololi, zaman da yake yi kuma agolanci. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne Hausa ta ware kalma guda sukutum ga ɗan mata, amma ba ta ware irinta ga ɗan miji ba. Matar da ta tarar da 'ya'ya a gida sai dai ta haɗa kalmomi ta ce ɗan mijina ko ɗan kishiyata, haka shi ma agola ba shi da kalma guda ga mutumin da yake zaune a gidansa, sai dai ya ce mijin babata. Dalili kuwa shi ne gida na uba ne, saboda haka ɗan miji yana inda ya kamata ya kasance, matar uban ce ma baƙuwa a wurinsa, agola kuwa shi ne wanda aka gani a inda ba a sa ran ganinsa ba, kuma irin wannan ne harshe yake yi wa tambari.

Sai an duba yadda yaro yake zama agola kafin a gane abin da ya sa kalmar take da ɗaci. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Musulunci na arewacin Nijeriya suke bi, uwa ce ta fi cancantar renon ɗa bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, amma wannan haƙƙi yana faɗuwa idan uwar ta auri wani bare, sai ya koma ga kakar yaron ta wajen uwa da waɗanda ke biye da ita. A al'ada kuma uba yakan karɓi ɗansa bayan yaye ko idan ya yi wayo, domin ana ganin abin kunya ne mutum yana raye ɗansa yana cin tuwon gidan wani. Idan aka haɗa waɗannan biyu, sai a ga yaron da ya biyo uwarsa galibi maraya ne, ko wanda ubansa ba shi da hali, ko wanda uban da danginsa suka yi watsi da shi, ko da yake akwai waɗanda aka bar su bisa yarjejeniya da mutunci. Ciyar da shi ba wajibi ba ne a kan mijin uwarsa, kyautatawa ce, kuma duk abin da aka samu ta hanyar kyautatawa ana iya yin gori a kansa. Ranar da faɗan yara ya ɓarke a tsakar gida a kan loma ko wurin kwana, kalmar da aka daɗe ana ɓoyewa ita ce take fara fitowa, a bi ta da cewa tafi gidan ubanka. Uwarsa tana ji daga ɗaki, amma idan ta fito ta tare masa za a ce ta fifita ɗan wani a kan 'ya'yan gida, saboda haka sau da yawa sai ta haɗiye, ta riƙa saya masa sabulu da takalmi da kuɗin ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula, don kada buƙatarsa ta kai gaban maigida.

Shi ya sa kalmar, duk da cewa gaskiya take faɗa, ba a furta ta a gaban mai ita sai da nufin cin fuska. Mijin uwa na kirki cewa yake yi ɗana ne, idan kuma wurin yana buƙatar bayani, sai ya sassauta murya ya ce yaron wajen iyalina ne, ko da shi ta zo. Agola shi ma Baba yake cewa kamar sauran yara, ya kira ƙanen maigida Baffa, ya yi wasan jika da kaka da mahaifiyar maigida. Daga wannan ma'ana ta asali ne 'yan siyasa da mazauna yankunan da aka manta da su suka ari kalmar, suna kukan an mayar da su agololi, wato ana zaune da su amma ba a lissafa su a rabo.

Akwai kuma giɓi a cikin kalmomin. Tsakanin agola da 'ya'yan da uwarsa ta haifa a sabon gida akwai suna, domin su 'yan uwa ne a ma'anar kalmar ta asali. Amma tsakaninsa da 'ya'yan maigida na wasu ɗakuna babu wata kalmar bayani ko kaɗan: ba 'yan uwa ba ne na jini, ba 'yan uba ba ne, ba taubasai ba ne, wato 'ya'yan mace da na namiji waɗanda wasa yake tsakaninsu. Yaya da ƙane kawai suke kiran juna, kalmar kira ce take ɗauke da dangantakar ita kaɗai. Shari'a ma ba ta hana su aure ba, saboda haka yaron da aka haifa a tsakiya yana iya wayar gari yayansa na wajen uba ya auri yayarsa ta wajen uwa, kuma wasu iyaye da kansu suke ƙulla irin wannan aure don agola ta zama 'yar gida ta wata ƙofar.

Rubutaccen adabi ya fi tatsuniya adalci a wannan fage. Biyu daga cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 jarumansu a gidan mijin uwa suka tashi. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, mahaifin Umar ya rasu, mahaifiyarsa ta auri Makau, bafaden da makircin abokan zama ya raba da gari. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam kuwa an nuna fuska biyu, domin ga Saƙimu, agolan da ya hallaka malamin da ya riƙe shi, ga kuma Alhaji Imam, wanda ya bar gida ya shiga duniya don ya wanke Liman, mijin uwarsa, daga wulaƙancin da aka yi masa a fada.

Kalmomin malamai

Inda kalmar kira ta lulluɓe, fiƙihu yana buɗewa, kuma yana da nasa kalmomin da aka aro daga Larabci. Shaƙiƙi shi ne wanda aka haɗa uwa da uba da shi, li'abi wanda aka haɗa uba kawai, li'ummi wanda aka haɗa uwa kawai, agola kuma malamai suna kiransa rabibi, mace rabiba. Daga cikin waɗannan, shaƙiƙi ne kaɗai ya fita daga zaure ya shiga bakin jama'a, har ana kiran amini da shi, sauran kuwa sai ranar rabon gado ake jin su.

A wannan rana ce mutanen da suka shekara talatin suna kiran juna Yaya da ƙane suke jin an rarraba su da sunayen da ba su saba ji ba. Idan mutum ya rasu bai bar ɗa namiji ko uba ba, shaƙiƙinsa yana kange li'abi daga gado, wato ya hana shi samun kome. Li'ummi kuwa yana da kaso ƙayyadadde matuƙar mamacin bai bar zuriya ko uba ko kaka namiji na wajen uba ba: idan shi kaɗai ne yana da sudusi, kashi ɗaya cikin shida, idan sun kai biyu ko fiye sai su raba sulusi, kashi ɗaya cikin uku, mace da namiji daidai wa daida. Akwai wata mas'ala da ta shahara da sunan Mushtaraka wadda take nuna ƙarfin haɗa uwa. A ɗauka mace ta rasu ta bar naira 600,000, magadanta kuma su ne miji da uwa da li'ummai biyu da shaƙiƙi ɗaya. Miji zai ɗauki rabi, 300,000, uwa ta ɗauki sudusi, 100,000, li'ummai su ɗauki sulusi, 200,000, dukiya ta ƙare ke nan shaƙiƙi bai sami ko kwabo ba. Hukuncin da aka danganta ga Halifa Umar, wanda Malikiyya ta ɗauka, shi ne a shigar da shaƙiƙin cikin sulusin a raba da shi daidai, bisa hujjar cewa shi ma ai uwarsu ɗaya da mamaciyar. Agola kuwa ba ya gadon mijin uwarsa, haka ɗan miji ba ya gadon matar ubansa, sai dai a yi musu kyauta tun ana raye, ko wasiyyar da ba ta wuce sulusin dukiya ba.

Hukuncin aure shi ma bai bi kalmar kira ba. Suratun Nisa'i, aya ta 22 da ta 23, ta haramta wa ɗa matar ubansa har abada, ta kuma haramta wa mutum agolarsa idan ya riga ya tare da uwarta. Amma agola namiji ba muharramin kishiyoyin uwarsa ba ne, ko da Inna yake kiransu tun yana rarrafe, domin mijinsu ba ubansa ba ne. A gidan da ake kulle, wannan yana nufin ranar da ya balaga shigarsa ɗakunansu ta zama abin dubawa, alhali ɗan maigida sa'ansa yana shiga ko'ina, kuma wannan na daga cikin dalilan da suke sa a mayar da shi shago ko ɗakin zaure, ko a tura shi wurin dangin ubansa. Ita kuma agola mace, ranar da manema suka zo, mijin uwar da ya san ya kamata yakan tura su ga baffanninta, domin su ne waliyyai, ko da yake Malikiyya ta ba wanda ya riƙi yarinya gurbi a jerin waliyyai bayan dangin uba, kuma sau da yawa baffannin sukan mayar masa da girman su ce shi ya ba da ita.

Riƙo da shayarwa

Ɗan riƙo ya bambanta da agola ta fuskar cewa ba biyo uwa ya yi ba, ba da shi aka yi, galibi ga gwaggo ko kaka ko matar da ba ta haihu ba, saboda haka zamansa karramawa ce ga mai riƙon, kuma kalmar ba ta da ɗacin agola. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ta yi aure huɗu ba ta haihu ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi ta aurar da su, kuma labarinta cike yake da irin wannan ba da 'ya'ya tsakanin gidaje. Shayarwa ce kaɗai take sauya hukunci, domin a Malikiyya jaririn da mace ta shayar a cikin shekara biyun farko, kome ƙanƙantar abin da ya sha, ya zama ɗanta ta fuskar haramcin aure, ya kuma zama ɗan mijin da aka sami nonon ta dalilinsa, har 'ya'yan mijin na wasu ɗakuna su zama 'yan uwansa. Gado dai babu.

Rajista da ƙamus

Matsalar da zamani ya kawo ita ce takarda, domin takarda ba ta san kalmar kira ba. Rajistar makaranta da takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa gurbi ɗaya suke da shi na sunan uba, kuma mutumin da ya kamo hannun agolansa ya kai shi firamare, malami ya tambaye shi sunan mahaifi a gaban yaron, yana tsakanin abu biyu: ya ba da sunansa don kada yaron ya bambanta da sauran 'ya'yan gida, ko ya ba da sunan wani mutum da watakila yaron bai taɓa gani ba. Suratul Ahzabi, aya ta 4 da ta 5, ta yi umarni a jingina kowa ga ubansa, kuma a kanta ne aka daina kiran Zaidu ɗan Harisa da ɗan Annabi, saboda haka malamai ba su yarda da zaɓin farko ba, ga shi kuma yakan haifar da rigima bayan shekaru, idan aka ɗauko takardar makaranta a matsayin hujjar gado. Tsohuwar al'adar makarantun boko ta jingina ɗalibi ga garinsu, wadda ta ba da sunaye irin su Aminu Kano da Shehu Shagari, takan ba wasu iyalai mafita, tun da sunan gari ko na unguwa bai ƙaryata nasaba ba, bai kuma tona ta ba.

Masu aikin ƙamus da masu fassara su ma abin ya shafe su. Tun daga ƙamus na Bargery na 1934 har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, babban aikin ƙamus shi ne ya faɗi wanda kalma take nufi, amma a wannan fage rabin ma'anar yana cikin sanin wanda ake iya faɗa wa kalmar da wanda ba a iya faɗa wa. Ɗalibin da ya koyi cewa agola shi ne ɗan matar mutum daga wani miji, ya kuma tsaya a nan, zai iya shiga gida ya tambayi yaro ko shi ne agolan, yana ganin tambaya ce kawai ya yi. Haka ma'aikacin asibiti ko na ƙidaya da aka fassara masa takardar tambayoyi kalma da kalma, zai tambayi mace 'ya'yanta nawa, ta lissafa masa har da na kishiya da na riƙo ta tsallake ɗan farinta saboda alkunya, shi kuma ya rubuta. Ya kamata sabon bugu na kowane ƙamus ya riƙa nuna a gaban kowace kalmar zumunta ko ta bayani ce ko ta kira, a gaban agola da ɗan uba da kishiya kuma a ƙara da cewa ba a faɗarsu a gaban mai su. Masu tsara tambayoyin ƙidaya kuwa sai su raba tambayar gida biyu, su fara da 'ya'yan da ke hannun mace, sannan su tambayi waɗanda ta haifa da cikinta.